Wasiƙar honos daga kwalejin shekara biyu: a shiga ko a bari?

Maman Hafsat:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan karatun ƙasar nan. 'Yata tana ɗaya daga cikin kwalejojin nan na shekara biyu na CUNY, wato jami'ar birnin New York, ta gama semesta ta farko kuma alhamdulillah sakamako ya yi kyau, GPA ɗinta, wato matsakaicin makinta, 3.8 ne cikin 4. Toh sai ga saƙo har biyu sun shigo mata, ɗaya daga wata ƙungiya wai ita Phi Theta Kappa suna gayyatarta ta zama mamba amma sai ta biya kuɗi, ɗayan kuma daga makarantar tasu cewa ta cancanci shiga shirin honos. Babanta ya ce duk inda aka ce sai ka kawo kuɗi kafin a karrama ka to ka bi a hankali, ni kuma ban san kan abin ba, ita kuwa ta dage tana so. Ga shi tana aiki a wani shago Asabar da Lahadi da wasu ranaku biyu da yamma. Abin nan yana da amfani na gaske ne ko suna ne kawai?

Alhaji Garba:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni dai ina bayan maigidanki. Yarana sun bi ta irin makarantun nan kuma wasiƙun nan ba sa ƙarewa, da yaro ya ɗan ci jarabawa sai ka ga akwatin wasiƙa ya cika, kowa na cewa an zaɓe ka an zaɓe ka turo kuɗi. Ta riƙe karatunta ta gama ta kama aiki, shi ne magana.

Sadiq:
Baba Alhaji gaskiyarka kan cewa wasiƙun suna da yawa kuma ba duka ne ke da amfani ba, amma wannan daban take. Mama abu biyu ne aka turo mata kuma kada a cuɗa su wuri ɗaya. Ita Phi Theta Kappa, da ake ce wa PTK, tsohuwar ƙungiya ce ta ɗaliban kwalejojin shekara biyu masu ƙoƙari, tun 1918 aka kafa ta a jihar Missouri, hedikwatarta tana Jackson ta jihar Mississippi, kuma kusan kowace kwaleji tana da reshenta da malamin da ke kula da reshen. Hanya mafi sauƙi ta gane ta gaske ce, Hafsat ta je ofishin harkokin ɗalibai ta tambayi wane malami ne ke riƙe da reshen PTK na makarantarsu, ta kai masa wasiƙar ya duba. Yawanci sai kana da kiredit 12, wato adadin darussan da ka ci kamar na semesta ɗaya, da GPA wajen 3.5 suke gayyatarka. Kuɗin sau ɗaya ake biya ba duk shekara ba, wajen dala 100 ne ko ƙasa da haka ya danganta da makaranta, kuma akwai makarantun da ke taimaka wa wanda ba shi da hali in ya buɗe baki ya tambaya.

Shi kuma shirin honos na makaranta ne, azuzuwa ne na musamman, ba ƙungiya ba. Ni duka biyun na yi kafin in wuce jami'a kuma in za a ce in zaɓi ɗaya, azuzuwan zan zaɓa ba tare da dogon tunani ba.

Maman Hafsat:
Na gode ɗana. To mene ne bambancin ajin da wanda take shiga yanzu? Ko karatun ne ya fi wuya kawai

Sadiq:
Ba wuyar ce babban bambancin ba Mama, yanayin ajin ne. Ajin da na saba shiga malami na gaba yana nuna rubutu a allo, mu muna kwafa, lokaci na cika kowa ya ɗau jaka ya ruga tashar jirgi saboda aiki na jiransa, akwai wanda muka yi semesta guda muna zama kusa da juna ban san sunansa ba. A ajin honos na tarihi da na fara shiga ba mu kai ashirin ba, kujeru a zagaye, an ba ka karatu tun makon jiya kuma dole ka yi magana don babu bayan wanda za ka ɓuya. Rubutuna na farko malamar ta dawo min da shi duk jan biro, a ƙasa ta rubuta in same ta a ofis ranar Laraba. Na je ina ɗari-ɗari, sai ta zaunar da ni muka bi shi layi-layi tana tambayata me nake nufi a nan, wannan maganar daga ina na samo ta, ina hujjata. Ita ce daga baya ta rubuta min takardar shaida lokacin da nake neman jami'a, kuma takardar malamin da ya san ka ya san aikinka ba ɗaya take da ta wanda sunanka kawai ya gani a rajista ba.

Alhaji Garba:
Duk na ji. Amma bari in faɗa muku abin da ba a faɗa wa iyaye. A sakandaren ƙasar nan in yaro ya ɗau aji mai wuya ana ƙara masa maki a lissafin GPA, a kwaleji kuwa yawanci babu wannan, B ɗin honos B ne kamar na kowa. To in yarinya nas take son yi, su masu ɗaukar ɗaliban nas makinta na darussan share fage suke kallo, irin su ilimin sassan jiki da kemistiri, kuma kujerun kaɗan ne masu nema da yawa. Ta je ta ɗora wa kanta ƙarin aiki makinta ya sauka ta rasa kujera, wa gari ya waya? Babbar 'yata shekara biyu da 'yan kai ta yi ta zauna jarabawar lasisin nas ta NCLEX ta ci, yau tana asibiti tana ɗaukar albashi tana taimakon ƙannenta, ba ta taɓa shiga wani honos ba.

Malama Rabi:
Alhaji maganarka a kan nas gaskiya ce kuma nima ita nake gaya wa ɗalibaina, ina koyarwa a irin wannan kwaleji a Maryland. Wanda ya sa gaba a kan nas ɗin shekara biyu to ya tattara ƙarfinsa a kan darussan share fage, Allah ya sa wa aikin 'yarka albarka. Amma ba kowa ne nas zai yi ba. Yawancin yaran da ke shigowa burinsu su wuce jami'a su yi digirin shekara huɗu, kuma a nan ne matsalar take. Binciken da ake yi a ƙasar nan yana nuna kusan kashi 80 cikin ɗari na masu shiga kwalejin shekara biyu suna cewa digiri suke so, amma wajen kashi ɗaya cikin uku ne ke wucewa jami'a, kuma waɗanda ke riƙe digirin a hannu cikin shekara shida ba su wuce kashi 16 ba. Ba wai don yaran ba su da kai ba ne wallahi, ina ganinsu kullum, akwai masu kaifin ƙwaƙwalwa sosai. Abin da ke cinye su shi ne babu mai riƙe hannunsu, ba su san wane darasi jami'a za ta karɓa ba, ba su san ranar rufe neman tallafi ba, aiki ya yi yawa sai a ajiye semesta ɗaya da niyyar za a dawo shikenan ba a dawo ba. Shirin honos yana sa yaro cikin ƙaramin rukuni da ke da mai ba su shawara nasu na kansu, kuma labarin kowace dama wajensu yake fara zuwa.

Hajiya me Hafsat ɗin take son karanta?

Maman Hafsat:
Babanta nas yake so, ita kuma ta ce bayoloji take so ta wuce jami'a ta yi bincike a kan magunguna ko ta nemi likitanci. Muna da girin kad dukkanmu, kuma ta cike fom ɗin neman tallafin gwamnati na FAFSA tana samun tallafin Pell.

Malama Rabi:
To in haka ne ni a ganina ta shiga, amma da dabara. Aji ɗaya na honos a semesta ya isa, kuma ta fara da darasin da ta fi ƙarfi a kai, kada ta haɗa shi da kemistiri da lissafi masu nauyi a lokaci guda. Makarantu da yawa suna da wani tsari kuma, ka zauna a ajinka na yau da kullum sai ku yi yarjejeniya a rubuce da malamin cewa za ka yi ƙarin aikin bincike, in ka kammala a rubuta maka honos a takardar sakamako. Wannan ya fi sauƙi ga mai aiki don ba sai jadawalinta ya wargaje ba. Sannan tunda tana CUNY ta tambaya a kan ASAP in ba ta ciki. Tun 2007 suka fara shi, suna taimakawa da kuɗin jirgi da littattafai da cike gibin kuɗin makaranta, ga mai ba da shawara da za ka riƙa gani a kai a kai, sharaɗin dai ka zama cikakken ɗalibi. Da ƙungiyar bincike ta MDRC ta bincika ta samu kashi 40 na 'yan shirin sun kammala cikin shekara uku, waɗanda ba sa ciki kuma kashi 22. In kuɗin jirgi da na littafi suka sauka daga kanta za ta iya rage awannin shagon nan.

Sadiq:
Ga maganar kuɗin da Baba Alhaji bai lissafa ba. Kuɗin kwalejin CUNY ga mazaunin birnin New York dala 4,800 ne a shekara, Pell kuma yana kaiwa 7,395 ga wanda ya cancanci duka, shi ya sa shekara biyun farko ba sa yi wa mutane nauyi. Nauyin yana shekara biyun ƙarshe ne in yaro yana son jami'a mai tsada. Akwai tallafin gidauniyar Jack Kent Cooke na masu wucewa jami'a daga kwalejin shekara biyu, yana kaiwa dala 55,000 a shekara har tsawon shekara biyu zuwa uku, suna son GPA 3.5 zuwa sama da shaidar cewa gida ba mai hali ba ne. Ba zan ruɗe ku ba samunsa akwai wuya, wajen mutum ɗari ko ƙasa da haka suke ɗauka a duk faɗin Amurka a shekara. Amma abin da suke tambaya a fom ɗin, me ka yi a makaranta banda zama a aji, wa ka taimaka wa, wane bincike ka yi, wane malami ne zai tsaya maka, duk abubuwan da honos da PTK ke sa ka yi ne. Kuma ko ba ka samu wannan ba jami'o'i da yawa suna da tallafin da suka ware wa 'yan PTK kawai, ni irinsa na samu. Ita PTK ɗin ma tana da nata gasar, akwai All-USA Academic Team da ke ba zaɓaɓɓun ɗalibai kaɗan kyautar kuɗi, akwai kuma na Coca-Cola.

Amma in ta biya kuɗin mamba ta koma gida ta zauna to satifiket kawai ta saya da ƙyallen da za ta rataya ranar yaye ɗalibai, a nan kam maganar Baba Alhaji ta tabbata.

Zainab Kalifoniya:
Salam, yanzu na tashi na ga zancen, lokacinmu ba ɗaya ba. Anti mu a nan abin a rubuce yake ba sai an yi ta hasashe ba. Mazaunin jiha dala 46 yake biya kan kowane yunit a kwalejojinmu, kuma jami'ar UCLA tana da yarjejeniya da kwalejoji da dama mai suna Transfer Alliance Program, in ka kammala shirin honos na makarantarku aka tabbatar maka, takardarka tana samun fifiko wajen dubawa a babbar tsangayarsu ta kimiyya da adabi. Ba alkawarin ɗauka ba ne fa, fifiko ne. Alkawarin ɗauka shi ne TAG kuma rassa shida ne na jami'ar Kalifoniya ke bayarwa, Davis, Irvine, Merced, Riverside, Santa Barbara da Santa Cruz, babu Berkeley babu UCLA babu San Diego, shi kuma ba sai kana honos ba, sharuɗɗan maki da darussa ne. Na san ku New York tsarinku daban amma ina so iyaye su daina ganin kwalejin shekara biyu kamar inda ake tura wanda ya faɗi. Hatta Princeton da ta daɗe ba ta karɓar masu sauyin makaranta ta dawo da karɓa a 2018 kuma irin waɗannan ɗaliban da tsofaffin sojoji take nema.

Ibro daga Kano:
Ina bibiyar zancen nan da kyau. Wato kamar poli ce a wajenmu kenan, ka yi ND ka nemi shiga jami'a kai tsaye aji biyu? Kuma wanda yake gida zai iya nema ya samu irin tallafin nan?

Sadiq:
Akwai kama amma ba ɗaya ba ne Malam Ibro. A nan digiri kiredit 120 ne galibi, na kwaleji kuma 60, in ka tsara darussanka daidai aji uku za ka faɗa kai tsaye, kuma takardar digirin da za a ba ka a ƙarshe sunan jami'ar ne kawai a jiki, iri ɗaya da ta wanda ya fara a can tun ranar farko. Babu irin wariyar da ake yi tsakanin HND da digiri a gida.

Maganar zuwa daga gida kuwa gara in gaya maka yadda take. Mai bizar karatu ta F-1 ba ya samun Pell, ba ya biyan kuɗin 'yan jiha, a CUNY dala 320 ne kowane kiredit gare shi kuma dole ya ɗau aƙalla 12 a semesta, sai ya nuna shaidar kuɗin shekara guda kafin makaranta ta ba shi I-20, takardar da zai nemi biza da ita, aiki kuma a cikin makaranta kawai awa 20 a mako lokacin karatu. Honos da PTK zai iya shiga kamar kowa, amma wasu damammakin gwamnati irin binciken bazara na REU da hukumar kimiyya ta NSF ke biya sai ɗan ƙasa ko mai girin kad. Hafsat tana iya neman wannan, kuma ga mai son bayoloji babbar dama ce, wajen mako goma a ɗakin binciken wata jami'a ana ba ka wurin kwana ana biyanka.

Musa ɗan Damagaram:
Ni abin da zan ce a kula da shi shi ne maganar nan ta “in ka tsara daidai”. Ni na gama kwalejina a kudu da maki mai kyau, na je jami'a suka duba takarduna suka ce darussa da yawa sun karɓa amma ba za su shiga cikin fannin da nake so ba, sai dai a lissafa su a matsayin na zaɓi, haka na ƙara shekara guda cur ina biyan kuɗi kan abin da na riga na karanta. Ina tuƙi da dare ina zuwa lakkwal da safe, babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce wace jami'a kake so mu duba abin da suke karɓa. Honos ko ba honos ba, ta zaɓi jami'a biyu ko uku tun yanzu ta buɗe shafinsu ta ga jerin darussan da suke buƙata na bayoloji ta riƙa bi ɗaya bayan ɗaya.

Malama Rabi:
Sannu Malam Musa, wannan ciwon mutane da yawa ne. A cikin CUNY abin ya ɗan yi sauƙi saboda tsarin Pathways da suka kawo a 2013, darussan gama-gari suna bin ɗalibi daga wannan makaranta zuwa waccan, amma na fanni dole a duba su ɗaya-ɗaya kamar yadda ka ce.

Alhaji Garba:
Tsaya Sadiq, mako goma a wata jami'a ana ba ta wurin kwana? Wato yarinya budurwa ta bar gidan ubanta ta je wani gari ta kwana cikin mutanen da ba a san su ba? Ai dalilin da ya sa da yawanmu muka fi son kwalejin nan kenan, babu hostal, yaro ya fita da safe ya dawo gida ya kwana a gabanka. Yanzu kuma ta bayan gida za a dawo da abin da muka guda.

Sadiq:
Baba ba dole ba ne, zaɓi ne, kuma akwai ɗakunan bincike a cikin New York ɗin da za ta je ta dawo gida kullum. Amma ba zan ɓoye ba akwai tafiya a cikin harkar. PTK suna da taron yanki da babban taron shekara, 'yan honos suna zuwa gabatar da bincikensu a wasu makarantu, akwai kuma Exploring Transfer na kwalejin Vassar da ke Poughkeepsie, tun 1985 suka fara shi tare da kwalejin LaGuardia ta CUNY, mako biyar ne da bazara kyauta har abinci da ɗaki, ana koya maka irin karatun manyan makarantu ka gwada kanka ka gani. Tafiyar wajen awa biyu ce a jirgin ƙasa daga cikin gari.

Hajiya Binta:
Alhaji ka yi haƙuri zan sa baki. Damuwarka a kan hanya take, ni ma uwa ce kuma ba na wasa da tarbiyya. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, yarinyar nan da muke tsoron ta kwana a makaranta ƙarƙashin kulawar malamai, ita ce fa muke bari ta tashi daga shago ƙarfe goma na dare ta hau jirgi ita kaɗai ta dawo gida kuma babu wanda ya ce uffan saboda akwai albashi a ciki. Lokacin da tawa ta samu irin wannan gayyata ni da babanta muka raka ta har can, muka ga ɗakin, muka tabbatar da mace aka haɗa ta, muka tambayi abinci da inda za ta yi sallah, kullum da dare muna waya. Ta dawo da sallarta da hijabinta kamar yadda ta tafi. Kowane gida ya san 'yarsa, ban ce kowa ya yi yadda na yi ba, amma a je a gani da ido kafin a ce a'a.

Alhaji Garba:
Hajiya ban ƙi ta taki ba, maganar shagon nan ta shige ni. Amma ni dai kwana a waje ban yarda da shi ba ga 'ya mace sai in ya zama dole.

Nana:
Assalamu alaikum iyayena, ni ɗaliba ce yanzu haka a Bronx Community College ina shekara ta biyu, ku ba ni dama in faɗi yadda abin yake daga ciki. Tafiye-tafiyen nan da ake magana a kai sau ɗaya ne ko biyu a shekara kuma ana iya bari. Abin da ya fi wahalar da mu shi ne na kullum. Taron reshe da rana ake yi a lokacin da aka ware wa ƙungiyoyi, malamai suna zama a ofis awa ɗaya ko biyu a mako domin ɗalibai, aikin bincike na rukuni sai kun zauna a laburare bayan aji, in kana koya wa wasu ɗalibai lissafi shi ma da yamma ne. Duk wannan yana nufin aji ya tashi ƙarfe ɗaya amma ke sai biyar ko shida za ki bar makaranta. A gida kuwa da an ji an tashi ƙarfe ɗaya to biyu ana sa ran ganinki, ga ɗauko ƙanne daga makaranta ga girki ga rakiyar Mama asibiti don ki yi mata tafinta, in kin ce kina da taro sai a ce wane irin taro kuma ba aji ba ne ai. Yayyenmu maza ba a yi musu wannan tambayar.

Kuma ba yawo muke yi ba wlh. Harabarmu tsohuwar harabar jami'ar NYU ce a kan tudu, akwai wani tsohon ginin laburare mai ƙubba da wata doguwar baranda da aka jera mutum-mutumin mashahuran Amurka, na yi wata da watanni ina wucewa ta gefensu da gudu ban taɓa tsayawa ba don ina sauri in kama bas. Sai da na shiga harkar honos na fara zama, a nan na haɗu da wasu 'yan uwa musulmi 'yan Ghana da Gambiya da Bangladash, muna yin azahar da la'asar tare, da azumi mu kawo abinci mu yi buɗa baki in aji ya kai dare. A wajen wata da ta girme ni da shekara ɗaya na fara jin sunan tallafin Cooke da na gidauniyar Kaplan, ita ta nuna min yadda ake rubuta bayanin kai a fom, ta karanta nawa ta gyara min. Da gida nake gudu kullum da ban ji ba.

Mama in za ku bar Hafsat ta shiga to dan Allah ku bar mata yammaci biyu a mako da babu wanda zai kira ta a waya.

Maman Hafsat:
Nana Allah ya yi miki albarka, kamar kin leƙo gidanmu. Ita ke ɗauko ƙannenta biyu kullum. Zan yi magana da wata maƙwabciyarmu da yaranmu ke makaranta ɗaya ko za mu riƙa karɓa-karɓa. Maganar shagon ce sai mun zauna da babanta don kuɗin yana shiga cikin haya.

Musa ɗan Damagaram:
A nan gizo ke saƙar ai. Duk damar nan da ake lissafawa mai lokaci ne ke cin ta, wanda haya ke kansa yana ji yana gani take wuce shi.

Malama Rabi:
Haka ne Malam Musa kuma ba na son mu yi kamar ba haka ba ne. Abin da zan ce wa Hajiya, a fom ɗin FAFSA ko a ofishin tallafin kuɗi ta nemi a sa ta cikin aikin cikin makaranta da gwamnatin tarayya ke biya, ko ta nemi aikin koya wa ɗalibai a cibiyar taimakon karatu tunda makinta ya kai. Kuɗin ba lallai ya kai na shago ba amma yana cikin harabar, suna bin jadawalin ajinta, lokacin jarabawa suna ɗaga mata ƙafa, kuma shi kansa aikin abin rubutawa ne a fom ɗin jami'a. Ta riƙe Asabar da Lahadi a shagon ta saki na yamma in hakan zai yiwu. Kuma aikin shagon da rainon ƙanne kada ta ɓoye su in ta zo cike fom, masu dubawa suna ɗaukarsu da muhimmanci, yarinyar da ta riƙe 3.8 da wannan nauyin a kanta sun san abin da hakan ke nufi. Fom ɗin Cooke ana buɗe shi ne wajen ƙarshen shekara a rufe farkon sabuwa, wato tana cikin shekararta ta biyu, saboda haka abin da za ta rubuta a ciki yanzu ne za ta fara tara shi.

Alhaji Garba:
Malama tunda ana maganar bari in tambaya. Autana namiji ne yana shekarar farko, semestar da ta wuce ya samu C a lissafi GPA ɗinsa ya tsaya 3.2, injiniya yake so. Shi ƙofar ta rufe kenan?

Malama Rabi:
Ba ta rufe ba Alhaji. GPA na tarawa ne, yana da kiredit kaɗan yanzu saboda haka semesta ɗaya mai kyau tana iya ɗaga shi sosai, in ya kai ma'aunin reshensu za su gayyace shi, kuma shirin honos na wasu makarantu yana karɓar wanda malami ya tsaya masa ko da makinsa bai cika ba. Amma ni lissafin ne ya fi damuna ba honos ɗin ba, don injiniya kalkulas uku ne a jere sannan fizis, kowanne a kan na baya yake hawa, C a na farko yana nufin akwai ramin da sai an cike. Ya riƙa zuwa cibiyar taimakon lissafi tun makon farko ba sai jarabawa ta matso ba, kyauta ce, kuma ya duba kalandar makaranta ya san ranar ƙarshe ta janyewa daga aji, in ya ga abin ya fi ƙarfinsa W, alamar janyewa, ba ta taɓa GPA amma F ta faɗuwa tana ja da shi ƙasa. Sai dai kafin ya janye ya fara shiga ofishin tallafin kuɗi ya tambaya, don janyewa tana iya shafar Pell ɗinsa.

Alhaji Garba:
To madalla. Sadiq turo min lambarka ta gefe in haɗa ku da shi, ya fi jin maganar sa'anninsa.